Billy Mitchell: Bos Ne Ko Jarumi?

A wannan watan ba a Kano za mu tsaya ba, ba kuma Indiya za mu ba. Amurka za mu leƙa. Mutumin da na kawo maku bai taɓa zama ɗan wasan fim ba, amma fim guda ɗaya tak ya maida shi bos ɗin da 'yan kallo su ka tsana kamar su shiga talbijin su shaƙe shi. Sunan sa Billy Mitchell. Sana'ar sa sayar da yajin kwalba, amma a wasan gem ya yi suna.

An haife shi a 1965, ya tashi a jihar Fulorida, inda gidan su ke da gidan abinci a wani gari mai suna Hollywood. Kar ku ruɗe, ba Hollywood ta 'yan fim da ke Kalifoniya ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Gem ɗin zamanin sa kuwa ba irin PS ɗin da mu ka taso mu na buga ƙwallo da shi a shagon unguwa ba ne. Akwati ne dogo kamar firij, a tsaye ake buga shi, ka jefa sulalla ya ba ka rai uku. Rayukan su ka ƙare, kuɗin ka ya tafi. Babu ajiye wasa a dawo gobe.

A 1982, ya na ɗan shekara 17, Billy ya ci maki 874,300 a Donkey Kong, wasan nan da goggon biri ke sace budurwa, Mario na hawa tsani zai ceto ta, birin na gangaro masa da ganguna. A wannan shekarar mujallar Life ta ɗauki hoton gwanayen gem a garin Ottumwa na jihar Iowa, inda wani Walter Day ya kafa Twin Galaxies, wato masu rubuta bajintar 'yan gem tare da tantance ta. Billy na cikin hoton. Makin nan nasa ya shekara 18 babu wanda ya ture shi.

To amma abin da ya ɗaga shi sama da kowa shi ne Pac-Man. Na san da yawan ku kun taɓa ganin sa a waya: ɗan ƙwallo rawaya mai baki, ya na bin lungu ya na cin ɗigo, fatalwa huɗu na bin sa. Wasan ya fito a 1980, kuma ya na da allo 256. Idan aka kai na ƙarshen, ƙwaƙwalwar injin ta kan rikice, rabin allon ya dagule da haruffa da lambobi, ba a iya wuce shi. Ke nan akwai iyakar makin da ɗan Adam zai iya ci: 3,333,360. Kafin ka same shi sai ka cinye kowane ɗigo, kowane ɗan itace, kowace fatalwa a duk lokacin da ta ke cinyuwa, allo 255 a jere ba ka rasa rai ko ɗaya ba, sannan ka tafi da rayukan ka allon ƙarshe ka tsince abin da ya rage. Kuskure ɗaya, sai ka koma farko. Ranar 3 ga Yuli, 1999, a gidan gem na Funspot da ke jihar New Hampshire, Billy ya yi wajen awa shida a gaban akwatin nan ya kammala. Shi ne mutum na farko da aka rubuta ya yi hakan.

Tunda makin ba ya wuce nan, sai gasar ta koma tseren lokaci, wato wa zai kai ƙarshe da sauri. A 2013 wani David Race ya yi shi cikin awa 3 da minti 28 da 'yan daƙiƙu. Irin wannan tseren gama gem yanzu ya zama duniya guda, dubban mutane na zama su kalla a intanet.

Yanzu mu zo kan fim ɗin, don shi ne ya shafe mu. A 2007 darakta Seth Gordon ya fitar da The King of Kong, fim na gaskiya, babu 'yan wasa, mutanen ne da kan su. Jarumin shi ne Steve Wiebe, injiniyan da ya rasa aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing ya koma malamin makaranta, ya ajiye akwatin Donkey Kong a garejin gidan sa ya na fama. Mutum ne mai sanyi, har kuka ya yi a gaban kyamara. Bos kuma? Ga Billy nan da dogon gashi, da gemu a gyare, da laƙataye mai tutar Amurka, ya na magana kamar shi ya ƙera duniyar. Wallahi ko marubucin fim ɗin Indiya bai isa ya zana bos irin wannan ba.

Wiebe ya aika da kaset na maki sama da miliyan, aka ƙi karɓa, aka ce ana shakkar injin sa. Ya yi tattaki har Funspot, ya ci 985,600 a gaban jama'a. Murna ba ta gama sauka ba sai ga kaset na bidiyo daga Billy, da maki 1,047,200, hoton na rawa, kuma aka karɓa. A daidai nan ne duk wanda ya kalli fim ɗin ke tsanar Billy. Ni ma na tsane shi.

Sai dai a matsayi na na wanda ya sha zama a ɗakin tace hoto ya ga yadda edita ke aiki, na san almakashi na da ƙarfi. Misali, fim ɗin ya nuna kamar Billy ne ke riƙe da kambun tun 1982 har Wiebe ya zo. Ba haka ba ne: wani Tim Sczerby ya ture makin a 2000, amma aka share shi daga labarin, don labari ya fi daɗi da mutum biyu. Mu a nan mun san yadda 'yan kallo ke haɗuwa da mai fitowa a mugu a kasuwa su harare shi, alhali shi aikin sa ya yi ya karɓi kuɗin sa. To shi Billy da sunan sa na gaskiya aka fito da shi. Har wani katun mai suna Regular Show ya yi wani ƙaton kai mai gemu da dogon gashi, mai maguɗi a gem. Billy ya kai ƙara, kotu ta kore ta a 2015.

Kun ce ke nan an zalunce shi? Ku dakata. A 2018 wani mai suna Jeremy Young ya bi kaset-kaset ɗin Billy hoto bayan hoto. Ya nuna cewa yadda allon ke zana ƙarafunan da Mario ke takawa a farkon kowane mataki bai yi daidai da na akwatin asali ba, ya fi kama da na manhajar kwamfuta mai kwaikwayon gem ɗin, wadda ake kira MAME. Matsalar ita ce a kwamfuta mutum na iya ajiye wasa ya sake inda ya faɗi. A watan Afrilu na shekarar Twin Galaxies ta yanke cewa kaset ɗin ba daga injin asali su ka fito ba, ta goge duk makin sa, har na Pac-Man, ta hana shi shiga jerin ta. Littafin Guinness ma ya cire shi. Wiebe ya zama na farko da ya kai miliyan a hukumance.

Billy ya musanta, kuma har yau ya na musantawa. Ya koma ya buga kai-tsaye a intanet ya haura miliyan, don ya nuna hannun na nan. A 2020 Guinness ta maida masa bajintar sa. Ƙarar da ya kai Twin Galaxies ta ƙare da sulhu a Janairun 2024: an saka makin sa a ma'ajiyar tarihi ta shafin su, amma ba a maida shi jerin masu gasa ba. A 2025 kuma wata kotu a Ostireliya ta umarci Karl Jobst, ɗan tseren gem mai tashar YouTube, ya biya shi dalar ƙasar 350,000 saboda ɓata suna. A lura, ba kan zargin maguɗi aka yi wannan hukunci ba, kan wata magana ce daban da Jobst ya danganta shi da mutuwar wani.

Ni dai ra'ayi na, fim ɗin ya ƙara masa gishiri, amma bayanin Young kan kaset ɗin ya fi gamsar da ni a kan amsar da Billy ya bayar. Iya buga miliyan a 2018 bai nuna da wane inji aka ɗauki kaset ɗin da ke cikin fim ba. Su kuwa 'yan baya tuni su ka wuce su duka biyun a Donkey Kong: a 2021 Robbie Lakeman ya ci 1,272,800. In kun samu fim ɗin ku kalla, ku sa ido a wurin da Billy ya shigo gidan gem da matar sa, Wiebe na tsakiyar wasa ya gaishe shi, sannan ku rubuto mani abin da ku ka gani.