Jinjina ga Hannayen da Suka Ɗaga Hawa 24 a Abuja, da Aikin da Ya Rage

Shekaru da dama hanyata ta zuwa wurin aiki takan ratsa titin Constitution da ke tsakiyar Abuja, kuma a kan wannan hanya na koyi ƙirga hawa. Tun da aka kewaye filin aka fara aiki a 2010, ba na wucewa ban ɗaga kai ba. Da fari ba abin da ake gani sai ƙura da manyan motoci masu kwasar ƙasa. Daga baya ginshiƙai suka leƙo, rodi ya yi cirko-cirko a kansu, ƙugiya mai dogon wuya tana jujjuyawa a sama tana miƙa kaya. In na yi tafiya na dawo, abin da nake fara dubawa shi ne ko an ƙara dekin. Direbobin tasi ma sun san lissafin, har musu mukan yi da su: wannan ya ce goma sha biyar ne, ni in ce sha shida, mu yi ta ƙirge da yatsa kafin danja ta sake mu.

Ginin da nake magana a kai shi ne benen zama na World Trade Center, wanda kamfanin Churchgate ya gina kusa da tashar jirgin ƙasa ta cikin gari. Hawa 24 ne, tsayinsa kimanin mita 110, a cikinsa akwai gidaje 120 da ake sayarwa ko bayarwa haya ɗaiɗai. Kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma tushe ɗaya ne, rufi ɗaya, lifta da matakala da tankin ruwa duk na tarayya. A gefensa kuma ga tagwayensa, benen ofisoshi.

Yabon gwani ya zama dole. Abu na farko da ya cancanci jinjina shi ne an kai aikin gaci. Wanda bai san Abuja ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali birnin cike yake da kangaye masu tsada. Hasumiyar Millennium, mai tsayin mita 170, tun 2006 aka sa mata hannu, ta shafe shekara da shekaru tana jiran a ƙarasa abin da ke kewaye da ita. Hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa ita ma a 2006 aka fara ta, yaran da aka haifa a shekarar har sun girma ba su shiga sun ɗauki littafi ba. Shi kuwa wannan bene an fara shi dala tana wajen naira 150, ya ratsa karyewar tattalin arziki ta 2016 lokacin da dala ta haura naira 300, ga shi lifta da gilasai da injunan sanyaya ɗaki duk daga waje ake sayo su. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda aka yi zato, amma bai zama maƙwabcin ɓeraye da jemagu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai jinjinata mafi nauyi ba ga masu allon suna a bakin ƙofa za ta tafi ba. Ga mutanen da ke fitowa tun duku-duku daga Mararaba da Nyanya da Karmo da Gwagwa, su cika motocin haya su nufi wuraren gine-ginen Abuja, su ne nake nufi. Da yawansu 'yan cirani ne daga Katsina, Jigawa, Bauci, Zamfara, wasu har daga Maraɗi da Damagaram. Akwai mai ɗaurin rodi da ke wuni a durƙushe yana murɗa waya, tafin hannunsa ya yi kanta. Akwai kafinta mai haɗa allunan da za a zuba kankare a ciki, wanda in ya kauce da faɗin yatsa a hawa na uku, kuskuren zai bi ginin har sama. Akwai birkila, da mai walda, da mai aikin famfo, da mai wayarin, da lebura mai shebur da kwanon sarki. Akwai mai tuƙa ƙugiya, wanda ke hawa tsani mai tsawo ya zauna shi kaɗai a ɗan akurki, yana sauke ƙarfe mai nauyin tan-tan a inda idonsa ba ya gani sosai, sai da ishara da muryar wani a rediyo. Ranar buɗe gini ba a kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Mai wucewa hawa yake ƙirgawa, amma abin da ke riƙe da bene yawancinsa a ɓoye yake. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya nauyinsa ya kai kilo 2,400. To a lissafa dekin 24, da ginshiƙai, da bango, da ruwan tanki, da mutane da kayansu, duka suna sauka a kan tushe. Abuja ta yi sa'ar ƙasa mai dutse. A Legas, musamman wurare irin su Eko Atlantic da aka cike teku da yashi, sai an kafa turaku masu zurfi kafin a samu abin da zai ɗauki nauyi. Amma ko a kan dutse, kankare ba ya yafe ha'inci. A aikin da ake yi bisa ƙa'ida, duk motar kankare da ta iso sai an ɗebi kaɗan an gwada kaurinsa kafin a zuba. Sai kuma a cika wasu 'yan akwatuna masu santimita 15 ta kowane gefe, a ajiye su cikin ruwa, a kai su injin matsa su, wasu bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, a ga nauyin da za su ɗauka kafin su fashe. In sakamako bai kai abin da injiniya ya tsara ba, akan kai ga fasa abin da aka zuba. Ana zura injin girgiza a cikin ɗanyen kankare don iska ta fita. Ana ɗaga rodi da 'yan duwatsun siminti don kankare ya lulluɓe shi, kada damshi ya kai gare shi ya yi tsatsa. Bayan an zuba kuma a yi ta ba shi ruwa kwanaki, don a zafin Maris in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi.

Jarabawar tana zuwa ne da yamma, rana ta yi sanyi, kowa ya gaji, kankare ya fara kauri a cikin mota. Abu mafi sauƙi a ƙara masa ruwa ya saki a gama a tafi gida. Ba wanda zai gani, kuma gobe dekin zai yi kyau sumul. Amma ruwan nan ya rage masa ƙarfi har abada. Injiniyan da ya ce a mayar da motar, da heluman da ya goyi bayansa, da leburan da ya haƙura ya jira wata motar har bayan magariba, su ne suka sa yau mutum yake barci a hawa na 20 hankalinsa kwance.

Ina da kawu magini, na ƙasa ba na siminti ba, Allah ya ji ƙansa. Ina yaro nakan miƙa masa tubali. Wata rana na ce masa, "Kawu, ai wannan bangon ya yi, mu tafi." Ya ce, "Ɗana, bango ba ya cewa ya yi sai damina ta wuce." Maginan ƙasar Hausa sun san wannan tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sana'a ce mai sarauta, akwai Sarkin Magina, kuma magini in soronsa ya rufta, sunansa ne ya rufta.

Mun ga abin da ke faruwa in aka rasa wannan kunya. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya ruguje, ya hallaka mutum fiye da 40, har da mai ginin kansa. Yawancin mamatan ma'aikata ne da suka fito neman na abinci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun a Fabrairun 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta wasiƙa ya janye hannunsa, yana cewa ba zai iya lamunce ingancin ginin ba. Wanda ya rubuta wannan wasiƙa ya bar kuɗi ya riƙe mutuncinsa, shi ma yana cikin waɗanda nake jinjina wa. Amma wasiƙar ba ta tsayar da aiki ba, aka ci gaba da ɗora hawa. Kuma ba Legas kaɗai ba ce: Kano ta ga nata a titin Beirut a 2022, Jos ta binne ɗalibai a Yulin 2024 da ginin makaranta ya rufta musu.

Saboda haka jinjinar nan tana tafe da bashi. Na farkon waɗanda ake bin bashin su ne masu manyan gine-gine da 'yan kwangilarsu, a kan haƙƙin lebura. Na san wani matashi ɗan garinmu da ya faɗo daga hawa na uku a wani wurin gini daban, ba igiyar tsaro a ƙugunsa, ba hular kwano. Aka biya kuɗin asibiti na mako guda, aka sallame shi da na mota. Yau yana gida da sanda, ba ya iya noma. Alhali Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF domin irin wannan rana, kuma tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshora a kan ginin da ake yi in ya wuce hawa biyu. Matsalar ita ce lebura mai aikin yini ba ya cikin littafin kowa. Babban kamfani ya ba ƙarami, ƙarami ya ba heluma, heluma ya kwaso mutane a bakin titi. Kamfanin da ya iya shigo da lifta daga ƙetare ba zai gaza rubuta sunan kowane mai shiga ƙofarsa da safe ba.

Hukumomi ma da nasu. Sashen kula da gine-gine na Abuja, da COREN mai rajistar injiniyoyi, da CORBON ta magina, bai kamata aikinsu ya tsaya ga buga hatimi a farko ba. Sakamakon gwajin kankare da zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri, a adana su inda mai sayen gida zai iya neman gani. Kuma injiniya in ya janye daga aiki saboda tsoron inganci, a tsayar da aikin ranar har sai an bincika.

Ga kuma wuta. Tsanin yawancin motocin 'yan kwana-kwana ko rabin mita 110 ba ya kaiwa, don haka dogon bene daga ciki yake kare kansa: bututun yayyafa ruwa a silin, ƙararrawa, ƙofofi masu tare hayaƙi, matakalar tsira da ba a mayar da ita ɗakin ajiya ba. Benen Grenfell na Landan shi ma hawa 24 ne. A Yunin 2017 wuta ta bi abin da aka lulluɓe bangonsa da shi ta waje, mutum 72 suka rasu. Famfon kashe gobara da ba a taɓa kunna shi an gwada ba, ranar buƙata ba a san halinsa ba.

Bashin da ya fi daɗewa kuwa yana kan masu gidajen ne da kansu, kuma a nan nake jin tsoro, domin mun san halin gidan gado. Kowa yana share ɗakinsa, yana sake labule, amma zaure yana yoyo, indararo ya karye, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Bene mai gidaje 120 gidan gado ne da aka miƙar tsaye. Lifta tana tsufa, igiyoyinta na son canji. Famfunan da ke tura ruwa sama suna gajiya, janareto na shan mai, rufi na buƙatar sabon shafe don kada ruwa ya ratsa. Duk wannan daga kuɗin hidimar da kowa ke biya yake fitowa, kuma da yawan masu irin waɗannan gidaje ba sa kwana a ciki, suna Legas ko Landan ko Dubai. A garin Surfside na jihar Florida a Amurka, wani benen tarayya mai hawa 12 da aka gina a 1981 ya ruguje cikin dare ranar 24 ga Yuni, 2021, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya rubuta musu cewa kankaren ƙasan wurin ninƙaya ya lalace sosai. Kuɗin gyara ya kai miliyoyin daloli, aka yi ta taro ana ja-in-ja a kan rabon biya, kusan shekara uku ta wuce ba a gyara ba. Ba talauci ne ya kashe su ba, kuma ba a ƙasar da ba doka ba ne.

Kawuna kowace shekara kafin ruwan fari yakan zagaya gidajen da ya gina, ya duba tsaga, ya sa a yi yaɓe, ya gyara bakin indararo. Ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin gazawar gini. Siminti ya sa mun manta da wannan al'ada, muna ganin in an shafa fenti an gama har abada. Kankare ma yana da daminarsa, sai dai tasa a hankali take ci, daga ciki, ta hanyar tsatsar rodi.

Ga magina, injiniyoyi da leburorin da suka ɗaga wannan bene, sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a guminku. Ku kuma da kuka karɓi makullai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ku biya kuɗin hidima a kan lokaci, ku ware asusun manyan gyare-gyare tun ginin yana sabo, ku riƙa kiran injiniya mai zaman kansa ya duba shi lokaci-lokaci, in ya rubuta rahoto ku karanta ku yi aiki da shi. Kada ku bari sai bango ya tsage.