Bashin Da Marubucin Labarun Da Ke Bin Mai Karatu

Jama'a, akwai wani bashi a wuyan kowane mai karatu, wanda galibinmu muka ƙi biya. Mutum zai zauna wata da watanni, ya bi tsofaffi da tambaya, ya tono labarin zamanin kakanninmu, ya harhaɗa shi har ya zama littafi. Mu kuwa mu karɓa, mu karance, mu ji daɗi, mu tura ƙarƙashin tabarma. In an bincika abin da muka saka masa da shi, sai a tarar mun kasu uku. Waɗansu sun yi gum. Waɗansu sun kwarara masa kirari kamar maroƙa a ƙofar fada. Waɗansu kuwa sun taɓe baki, sun ce ai duk ƙarya ce. To, ni na ce cikin ukun nan ba wanda ya biya bashin, kuma mai kirarin, da ake zaton shi ne masoyi, ɓarnarsa ba ta gaza ta sauran ba.

Bari mu ɗauki misali daga littattafan da kusan kowane mai karatun Hausa ya sani. Cikin 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya nemi malamai su gwada rubuta dogayen labaru na ƙagawa da Hausar boko. Daga nan aka sami littattafai biyar, aka soma buga su cikin 1934, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Biyu daga cikinsu bisa tarihi aka gina su: Ganɗoki na Malam Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Irin wannan littafi, mutanen da ke cikinsa na ƙagawa ne, amma zamanin da garuruwan da yaƙe-yaƙen na gaskiya ne.

Mu fara da masu cewa ƙarya ce. Hujjarsu ita ce, tun da ba a taɓa yin wani Umaru da aka sace yana yaro daga Kagara, aka kai shi Kano, wani Balarabe ya ƙetare hamada da shi ba, karanta labarinsa ɓata lokaci ne. Sai mu tambaye su, shin yara nawa aka sace a ƙasar nan zamanin cinikin bayi? Mata nawa suka bar gida suna neman 'ya'yansu, su ma aka kama su aka sayar, kamar yadda aka yi wa uwar Umaru har ta kai Tarabulus? Tarihin da aka rubuta a fada yakan faɗi sunan sarki, da shekarun sarautarsa, da garuruwan da ya ci. Ba ya faɗin sunan yaron da aka ɗaure da igiya a kasuwa. Wannan yaro ba shi da marubuci, sai Malam Abubakar ya ara masa suna, ya ba shi uwa, ya sa muka ji zafin rabuwarsu. Ku tuna kuma, sa'ad da littafin nan ya fito, ba a ma gama kashe bauta a doka ba a Nijeriya ta Arewa, sai cikin 1936 aka yi wannan. Watau cikin masu sauraron karatunsa na farko akwai waɗanda abin ya faru a kansu, ko a kan iyayensu. Malamin makaranta ya faɗa wa jama'arsa gaskiyar da manya ke kauce wa. Wanda ya kira wannan ƙarya, bai san bambancin maƙaryaci da mai buga misali ba.

Akwai kuma 'yan'uwansu, masu fushi. Su ba su ce ƙarya ba ce, abin da ke ƙona musu rai shi ne gaskiya ce. Da sun ga an ambaci garinsu cikin labarin harin bayi, ko an nuna wani mai sarauta yana zalunci, sai su ce marubuci ya ci mutuncin kakanninsu, ya kamata ya goge. Haba jama'a! Rana ba ta ɓuya da tafin hannu. Kakanninmu mutane ne, sun yi alheri, sun yi kuskure. Wanda ke son littafin da kowane sarki a cikinsa adali ne, kowane yaƙi jihadi ne, to, maroƙi yake nema, ya tanadi kuɗin kirari.

Sai mu komo kan masu yabo, su ne suka fi yawa, su ne kuma aka fi jin kunyar tsawata wa. In sun sadu da marubuci sai su ce, "Kai Malam, ba a taɓa yin littafi irin naka ba, Allah ya ƙara basira." Addu'ar tana da kyau, amin. Amma me marubuci ya ƙaru da shi? Bai san wane shafi ya kama zuciyarka ba, bai san inda ka yi hamma ba, bai san inda ya sa wa gari sunan da ba nasa ba. Gobe zai sake wani littafi, ya maimaita kuskuren jiya, domin ka tabbatar masa ba shi da aibu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai ƙaunarka shi ke gaya maka rawaninka ya karkace tun kafin ka shiga taro.

Haɗarin yabon makanta ya fi girma ga labarin tarihi bisa ga sauran labaru. Dubi Ganɗoki. An haifi Malam Bello Kagara wajen 1890, saboda haka yana yaro mai wayo sa'ad da Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga garinsa. Burmi kuma, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama a fagen fama cikin Yuli 1903, wuri ne na gaskiya, yaƙin kuwa an yi shi. Amma cikin littafin nan guda, jarumin ya wuce ƙasashen gabas yana fama da aljannu. Malam Bello bai yaudari kowa ba, ya san masu hankali za su rarrabe tsaba da tsakuwa. To, in mai karatu ya haɗiye duka ba tauna, ya karanta wa 'ya'yansa bai ce musu nan tarihi ne, nan kuwa hikaya ce ba, ɗayan biyu zai faru. Ko dai yaran su ɗauki aljannun a bakin gaskiya, ko kuwa, in sun girma sun gane, su zubar da Burmi tare da aljannun. Na biyun nan shi ne babbar hasara. Mai karatun da ya iya cewa, "Nan Malam ya bi tarihi, nan ya saki linzami," ya fi girmama marubuci bisa ga wanda ya tafa wa kome.

Masu shiru fa? Su laifinsu biyu ne. Na farko, galibi ba su sayi littafin ba, aro suka yi, littafi guda ya zaga unguwa har bangonsa ya fita. Aron littafi ba haram ba ne, amma mutumin da ke iya sayen goro kullum, ya ƙi sayen littafi sau ɗaya a shekara, kada ya yi kukan an daina buga littattafan Hausa masu ma'ana. Na biyu, suna jinkirta godiya har ta zama ta'aziyya. An kashe Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa cikin Janairu 1966, yana Firayim Minista. Fassarar Shaihu Umar da Mervyn Hiskett ya yi da Turanci cikin 1967 ta fito. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim cikin 1976. Duk wannan girmamawa ce babba, amma mai littafin bai ga ko ɗaya ba. Malam Bello Kagara ya rasu cikin 1971. Waɗannan yanzu sai addu'a, Allah ya jiƙansu. Amma akwai masu rai da ke wannan aiki yau, kunnensu na ji, alƙalaminsu na hannu.

Na san abin da za ka ce, kai da ka koyi karatu da girmanka. Za ka ce, "Ni wane ne da zan gyara wa mai littafi? Jiya jiya na iya haɗa baƙi da wasali." To, saurara. Marubuci ya fi ka iya jera kalmomi, amma ba lalle ne ya fi ka sanin garinku ba. Kai ka san inda tsohuwar ganuwa ta bi. Kai ka san ko ayarin fatake na iya tashi daga garinku ya kwana a zangon da ya ambata. Kai maƙeri ne, ka san yadda ake ƙera mashi, ke kuma kin ji daga bakin kakarki yadda aka yi gudun yaƙi, da abin da aka ci a shekarar yunwa. Wannan ilmi ba ya cikin kowane kundi, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa a maƙabarta. In ba ka rubuta ba, wa zai rubuta? Ba don sa hannu a takardar asibiti kaɗai ka sha wahalar zuwa aji da yamma ba.

Wasiƙar ba ta da wuya. Ka aika ta hannun kamfanin da ya buga littafin, ko ta jarida, ko ta waya in ka sami hanya. Ka fara da sallama da godiya. Ka faɗi wurin da ya taɓa ka, da dalilin da ya sa. Kana ka kawo gyaranka, ka ambaci shafin, ka ce ga abin da ka sani, ga kuma wanda ka ji daga bakinsa, domin gyara ba hujja gardama ce kurum. In shakka kake yi, ka yi tambaya. Kada ka yi zagi, kada kuma ka yi fadanci. Layi goma na gaskiya sun isa.

Marubuta kuma da sauran magana a kanku. Wanda ya shiga gonar tarihi ya shiga gonar jama'a, ba gandun gidansu ba ce. In manomi ya rubuto da hannu mai karkarwa ya ce kun yi kuskure, kada ku dubi munin rubutunsa, ku dubi maganarsa. In gaskiyarsa ce, ku gyara a bugu na gaba, ku gode masa. In kuwa da gangan kuka sāke wani abu domin labari ya tafi daidai, ku gaya masa haka, shi ma ya ƙaru.

Saboda haka duk wanda ya karance littafin labarin da, ya ɗauki alƙalami tun abin yana sabo a ransa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tarihinmu kuwa jinka ce mai nauyi. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi, ya ba marubutanmu haƙurin jinta, amin.