Yarinyar Da Ke Wanke Kwanukanmu, 'Yar Wane Ce?

Da yawa cikinmu in an ce zane ko sassaƙa sai mu ce ai wannan wasan masu kuɗi ne, waɗansu ma su ce aikin gumaka ne. Amma akwai abin da mai sassaƙa yakan nuna wa jama'a wanda suka daɗe suna kau da kai daga gare shi, kamar yadda annabi Natan ya yi wa sarki Dawuda misali har ya gane cewa shi ne mutumin.

A shekara ta 2017 Nijeriya ta kafa rumfarta karo na fari a babban bikin nunin zane na birnin Benis a ƙasar Italiya. Cikin abin da aka kai akwai aikin wata 'yar ƙasarmu, Peju Alatise: siffofin 'yan mata takwas, tsayinsu kamar na yaran gaske, kowacce da fukafukai a bayanta. Tushen aikin kuwa labarin wata ƙaramar yarinya ne da aka ba da ita aikatau a Legas, wadda ba ta da wurin hutawa sai cikin mafarki, inda take tashi sama ba mai kiranta.

Ba sai mun je Benis kafin mu ga wannan yarinya ba. Tana nan Barnawa, tana Narayi, tana Sabon Tasha da Unguwar Romi. A garejin Television ta sauka da 'yar jakar leda, daga wani ƙauye na wajen Kachia, ko Zonkwa, ko Kwoi, bayan an yi wa iyayenta alkawari cewa za a sa ta makaranta. Ita ce ta fara tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya. Ɗiban ruwa, shara, wanki, goyo, duk nata ne. Ran Lahadi kuma ita ce a bakin ƙofar majami'a tana jijjiga jariri, 'ya'yan gida suna ciki suna koyon aya.

Wani zai ce, ai riƙon ɗan ɗan'uwa al'adarmu ce tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, ba na kuwa kushe ta. Malamai da nas-nas da fastoci nawa ne suka yi karatu a gidan kawu ko gwaggo? Uwar da ke fita aiki tun da safe kuma tana bukatar mataimaki. Amma riƙo daban, bauta daban.

Ku ɗauko takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar nan da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar Gbagyi. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta, a nan Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta zama mace ta fari da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yau. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ta rasu a 1984. Ita ma yarinya ce da ta yi hidima a gaban babba, amma ta tashi da sana'a a hannunta. To, wadda ke gidanka yau, in ta shekara shida ta koma ƙauye, da me za ta koma? Da iya wanke-wanke kaɗai?

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko na makaranta dole ne ga kowane yaro. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Abin kunya ne a ce sai hukuma ta tuna mana abin da muke koyarwa kowane mako.

Kada kuma maza su ce wannan zancen mata ne. Me ya sa kusan kullum mace ake aikawa a ɗauko? Domin mun sa a ranmu cewa hidimar gida ta mace ce, namiji kuwa zama ne nasa. Saurayi mai shekara 15 yana kallon ƙwallo, yarinya mai shekara 10 tana wanke masa kwano, uban kuwa yana gani bai ce uffan ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa riƙe tsintsiya a gidan ubansa ba, ba zai san darajar matarsa ba gobe.

Shawarata ita ce, duk wanda ya ɗauko 'yar wani ya sa ta makarantar da zai yarda nasa su shiga, in ta girma kuma a koya mata ɗinki ko wata sana'a. A raba aikin gida tsakanin dukan yara, maza da mata. Dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, sa'ad da suke ziyarar gidaje, su tambayi sunanta da ajin da take. Iyaye na ƙauye kuma kada su miƙa 'ya su juya baya. Su zo su gani da idonsu.

Matar Na'aman tana da 'yar aiki, ta bakinta kuwa maigidan ya ji inda zai warke daga kuturta, duk da haka ba a rubuta mana sunanta ba. Namu muna da sunayensu, mun kuma san iyayensu. Allah ya ba mu zuciyar riƙe su kamar namu. Amin.