Hunhunar jigawa, dukiyar da ba a gani

Bayan an yi ruwa mai ƙarfi a jigayin Belbeji da Tanut, akan ga laimar kwaɗi ta ɓullo cikin rairayi, ta bushe cikin ƴan kwanaki. Abin da ido ya gani kai ne kawai. Jikinta zare ne siriri da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa.

Danginta suna da yawa, kuma wasunsu ba su leƙowa waje ko kaɗan. Waɗannan suna manne wa saiwar dakwara da gawo da gero, su jawo musu ruwa da sinadarin fosfor, su kuwa su sha zaƙin da ganye ya haɗa. Zaren nasu yana ɗaure ƙwayoyin rairayi don kada iska ta kwashe su. In aka sare icce, aka tone kututture, aka saki gobarar daji, hunhunar ta rasa abokin zama ta mutu, jigawa kuma ta tashi tafiya zuwa gona da rijiya.

Mai raina irin wannan halitta ya tuna da fara. A ƙarshen shekarun 1980 aka tsinci wata hunhuna mai suna Metarhizium a jikin fara kusa da Yamai. Shirin LUBILOSA, wanda aka buɗe a 1989, ya raine ta, ya gwada ta a Maine-Sorowa, har ta zama maganin da ake kira Green Muscle. Tana kashe fara cikin sati 1 zuwa 3, ba ta taɓa tsuntsu ko dabba. A 2009 an fesa ta a Tanzaniya, a 2020 a Somaliya. Damargu da ta ga farar 2004 da yunwar 2005 ta san darajar wannan.

To, ina mafita? Manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya da sassaben zamani: barin tohon kututture ya girma cikin gona, har kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Ɗan kasuwa mai sayen icce ya tambayi inda aka saro shi. Ma'aikacin gandun daji ya tsaya kan doka, ba sani ba sabo. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka.