Mai Ɗaura Alƙawari Ya Tafi, Jami'a Ta Biya

Duk wanda ya yi nazarin al'amarin wasanni a jami'o'in Amurka, inda ƙwallonsu mai kama da zari-ruga kan tara 'yan kallo sama da dubu 100 a filin makaranta guda, zai tarar cewa mutumin da aka danƙa wa amanar dukiya mafi yawa, wato daraktan wasanni, shi ne wanda jama'a suka fi jahiltar aikinsa, domin idanunsu na kan koci, alhali kuwa darakta ne ke ɗauko kocin, ya rubuta masa sharuɗɗa, ya kuma sallame shi in rana ta ɓaci.

A 2017 Scott Woodward, yana darakta a Jami'ar Texas A&M, ya ɗauko koci Jimbo Fisher bisa yarjejeniyar shekara 10 a kan dala miliyan 75, wadda wajibi ne a biya ko an yi nasara ko ba a yi ba. Ba a cika shekara biyu ba Woodward ya koma Jami'ar LSU ta jihar Louisiana. Magajinsa Ross Bjork, maimakon ya bar ƙullin yadda ya same shi, sai ya ƙara masa tsawo da tsada a 2021; da nasarar ta ƙi samuwa aka sallami Fisher a Nuwamban 2023, jami'a ta ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75 don ya zauna a gida, shi kuwa Bjork bayan wata biyu aka naɗa shi darakta a Jami'ar Ohio State. A can LSU ma Woodward bai sake hali ba: ya ɗauko Brian Kelly daga Notre Dame kan dala miliyan 95, aka sallami Kelly a Oktoban 2025 da bashin sama da miliyan 50. Wannan karon Gwamnan Louisiana Jeff Landry ya fito fili ya ce Woodward ba zai zaɓi koci na gaba ba, cikin kwanaki aka raba shi da kujerarsa. Kuma ko da yake ba na son ganin hannun ɗan siyasa cikin sha'anin makaranta, da wuya mutum ya ce an zalunci Woodward.

Masu kare wannan israfi suna kafa hujja da cewa kuɗin attajirai ne masu ƙaunar makarantar, ba na baitulmali ba. Hujjar ta raunana tun da kotu ta amince a Yunin 2025 cewa jami'a na iya biyan 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara, domin aljihun da za a nufa don wannan shi ne wanda aka riga aka yashe wajen sallamar koci.

Don haka majalisar jami'ar da ke neman darakta, kafin ta ƙirga kofunan da aka ci a zamaninsa, ya kamata ta buƙaci ganin yarjejeniyoyin da ya sa wa hannu a inda ya baro, da wanda ya biya su, sannan ta tambaye shi tanadinsa ga ranar da kocinsa zai tafi ba zato. Misali, da koci Nick Saban ya yi murabus a Janairun 2024, bayan ya ciwo wa Jami'ar Alabama kambin ƙasa sau shida, darakta Greg Byrne ya nemi a ba shi awa 72, kuma kafin su cika ya kawo Kalen DeBoer daga Washington.