Takardar da ke jikin kwalbar magani



Wake ya fara fure, kowa ya nufi kasuwa neman maganin ƙwari. Kafin a biya kuɗi, a tsaya a dubi takardar da ke liƙe a jikin kwalba ko bido.

Rubutun da faransanci yake, mu kuwa hausa muka koya. Amma ba duka ne ya fi ƙarfinmu ba. A gindin takardar akwai zane mai launi. In ja ne, dafin mai kisa ne, ɗan kaɗan ya isa. Ruwan ɗorawa ke bi masa, sannan shuɗi. Tsanwa ya fi sauƙi, amma shi ma dafi ne. Cikin zanen akwai ƙananan hotuna: safar hannu, takalmi, mutum ya rufe hanci da baki, kwalba a kulle da kwaɗo nesa da yaro. Waɗannan ko wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba zai gane su.

Lamba kuwa ɗaya ce a hausa da faransanci. A sa malamin gona ya nuna inda aka rubuta kwanakin jira. In 7 ne, sai kwana 7 bayan feshi za a tsinki ganyen wake ko tumatir. Maganin dabbobi ma haka ne. Saniyar da aka yi wa allura tana da kwanakin da ba a shan nononta, ba a cin namanta. Malamin dabbobi zai karanta maku.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake tsiyayawa a kwalbar lemo, irin su fiya-fiya. Yana da araha, amma ba suna, ba launi. Yaro ya gan shi, ya ɗauka abin sha ne.

To in tsautsayi ya faɗa fa? Wanda magani ya zubar wa a jiki, a tuɓe masa riga, a wanke shi da ruwa da sabulu. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Wanda ya sha, kada a ɗura masa nono ko man gyaɗa. Na san haka muka taras, amma maiƙo na iya ƙara wa dafin gudu a jiki. Kada kuma a tilasta masa amai, don da yawa cikin magungunan an dama su da mai irin kananzir, in ya koma huhu sai ciwo ya zama biyu. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe.

A hanzarta kai shi asibiti, a tafi da kwalbar. Dafi iri-iri ne, makari ma haka. Allurar atropine tana karya wani, ba ta karya wani. Sunan da ke jikin takardar shi zai gaya wa likita abin da zai yi tun mara lafiya na da sauran ƙarfi.