Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Daura: A Tattara Labarin Malaman Mishan Tun Dattawa Na Raye

Allah ya ja zamanin Sarki, Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Daga Babban Mutum nake rubutowa, ƙasar Baure, inda hanya ta miƙe zuwa Magarya da Damagaram. Roƙo na kawo, a kan wani yanki na tarihi da mu Musulmi ba mu cika son taɓawa ba, wato zaman da malaman mishan suka yi a ƙasar Hausa.

Ranka ya daɗe, an san dalilin zuwansu, su ma ba su ɓoye ba: addininsu suka zo yaɗawa. A 1893 mutum uku na farko na ƙungiyar mishan da ta zama SIM suka sauka Ikko, cikin shekara guda, biyu daga cikinsu suka mutu, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Da Turawan mulki suka kafu, su da kansu suka taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi na cewa ba za a taɓa addini ba. Shi ya sa SIM ta riga samun wurin zama a hayin iyakarmu, a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri, kafin ƙofa ta buɗe sosai a nan. Abin da ya buɗe ta kuwa kuturta ce. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa musu kula da wurin jinyar masu kuturta na Babbar Ruga, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ranar irin wannan malami take wucewa. Kafin ya koyar da kowa, sai ya fara zama ɗalibi, ya yi watanni yana fama da Hausa, yara na yi masa dariya idan ya kasa bambanta kafa da ƙafa. Gidansa a bayan gari yake, domin dokar Turawa ta ce a bar tazarar yadi 440 tsakaninsa da gidajen mutane. Da sassafe addu'a, sai layin masu gyambo da ciwon ido, galibi matarsa ce kan ɗakin magani. Masu kuturta kuwa allurar wani mai ake yi musu, mai zafin gaske, kafin ƙwayar dafson ta zo ta sauƙaƙa lamarin. Bayan azahar a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiya, a ɗauko allo da alli, a shiga a, ba, ca. Da dare ga fitilar kananzir, yana rubuta wasiƙa zuwa majami'un da ke tara masa kuɗin abinci a Kanada ko Amurka. 'Ya'yansa kuwa tun suna ƙanana ake kai su makarantar kwana a Miyango ko Jos, sai hutu ya gan su. Ko mutum bai yarda da abin da suka zo da shi ba, ni dai ban ga yadda zai ce ba su sha wuya ba.

Kuma ba duka fararen fata ba ne. Da yawa daga waɗanda suka riƙe azuzuwan ƙauye 'yan ƙasa ne daga Filato, kudancin Zariya da Tangale, musamman bayan kafa ƙungiyar bishara ta 'yan ƙasa a 1948. Su ma baƙunta suka yi, suna noma da damina don su ci, amma sunayensu ba su cika fitowa a littattafai ba.

To, Ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙa. Kusan duk abin da aka sani game da wannan zama daga alƙalamin Turawa ya fito: rahotannin 'yan mishan da hotunansu suna ɗakin adana tarihi na SIM a Amurka, takardun razdan da di'o suna Kaduna. Namu ɓangaren fa? Mai dafa musu abinci, da wanda ya koya musu Hausa, da majinyacin da ya warke ya koma gida da karatun boko, da uban da ya ga ɗansa ya dawo da wani addini ya ƙi cin abinci da shi. An yi irin wannan, har gwamnatin Turawa ta hana a koya wa yaron Musulmi addinin Kirista kafin ya kai shekara 18. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma masu wannan waƙar kullum raguwa suke yi.

Wani zai ce me ya haɗa fadar Musulunci da wannan? Abin da ya haɗa shi ne talakawan Sarki ne suka yi jinyar, su ne suka zauna a tabarmin. Har gobe mutanenmu na zuwa asibitin ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe a 1943, ba tare da tambayar wa ya gina shi ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da malaman Hausa ke tinƙaho da shi, mai shi da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan. Idan ba mu rubuta da kanmu ba, masu yabo zalla da masu zagi zalla ne za su gaje labarin, kuma dukansu ba sa taimakon zaman lafiya.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai su nemo dattawan da suka yi jinya, ko karatu, ko aiki a wuraren mishan, Musulmi da Kirista, maza da mata. A haɗa kai da Kwalejin Yusuf Bala Usman ta nan Daura da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, a tura ɗalibai su naɗi muryoyinsu da Hausa, a ajiye kwafi a fada. A kuma nemi haɗin kan fadar Damagaram, tunda iyakar da aka ja mana ba ta raba dangi ba. Aikin bai wuce waya mai naɗar magana da kuɗin mota ba. Duk wanda ya shiga Babbar Ruga yana yaro a shekarun farko, yanzu ya haura shekara 90, don haka a fara da su.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Babban Mutum, Ƙaramar Hukumar Baure